Tsalle a Digiri Arba'in da Uku

Shekara talatin da ɗaya Malam Digiri ya yi yana aiki a ɗakin gwaji na hawa na biyu, kuma a duk tsawon shekarun nan ko cokalin awo bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Shi ne mai kula da na'urori: ya kunna, ya goge, ya daidaita, ya rubuta abin da suka nuna. Sunan Digiri ya bi shi ne saboda ba ya iya cewa "ana zafi" kamar kowa. Ka yi masa barka da rana, sai ya ce maka ai talatin da huɗu ne da rabi. Gajere ne mai ɗan gemu, kullum ƙafar wandonsa a naɗe ninki biyu, don bai taɓa samun daidai tsawonsa a kanti ba. Saura wata goma sha ɗaya ya yi ritaya lokacin da abin ya faru.

Wadda yake aiki a ƙarƙashinta ita ce Dakta, doguwar mace mai magana da sauri. Wata bakwai ta kwashe tana rainon kiristal a cikin kofunan gilashi. A narka wani farin gari a ruwan magani, a rufe kofin da takarda mai huda uku, a ajiye a kan kanta, a jira ruwan ya tsotse a hankali ya bar ƙwayoyi masu sheƙi a gindi. Kofi arba'in ta jera. Talatin da tara suka ba ta dusa-dusa marar amfani. Ɗaya ne kawai ya ba ta ƙwaya guda mai kyau, garai-garai kamar ruwa, tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ba dangin dutse ba ce, ba kuma dangin ƙarfe ba. Yadda Dakta ta bayyana wa Malam Digiri, 'yar uwar sukari ce ta nesa. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta duk fuska ɗaya suke kallo, kamar mutanen da ke layin shiga mota, shi ya sa kanta ɗaya ke ɗauke da lantarkin tarawa, ɗayan kuma na ɗebewa. In ka juya mata wutar lantarki, sai duk su juya baya gaba ɗaya. Amma in zafi ya kai wani mataki, layin ya wargaje, su sake wani tsarin dabam, wannan halin ya tafi. Matakin nan Dakta take nema.

Ran Talata da hantsi Malam Digiri ya ɗauki ƙwayar da hantsaki, yana riƙe numfashi, ya ɗora ta a kan ɗan farantin da ke dumama abu a hankali. Dakta ta zauna gaban kwamfuta tana bin layin awo da ke tafiya a allonta. Shi kuma ya sa ido a madubin ƙara girma yana kiran lamba.

"Arba'in. Lafiya lau. Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu."

"Layin ya fara tashi," in ji Dakta. "Kar ka ɗauke ido, Malam."

"Arba'in da uku."

Aka ji wani ɗan ƙara, tis. Malam Digiri ya ɗago kai, ya sake sa ido, ya goge madubin da hannun riga, ya sake dubawa.

"Dakta, ta tafi."

"Ta narke?"

"A'a. Tsalle ta yi."

Dakta ta taso ta duba. Farantin fes, babu ko tabo. Ta koma ta ƙura wa layin ido, can sai ta fara murmushi. Ta ce ta taɓa karanta irin wannan. Akwai waɗanda in za su sauya tsari ba sa yi a hankali, lokaci guda suke miƙewa, su shuri abin da suke kai, su tashi sama. Ba ta taɓa zaton nata yana cikinsu ba.

"To madalla," in ji Malam Digiri. "Amma ina ta sauka?"

Suka durƙusa da tocila. Suka bi ƙarƙashin tebur, bayan firij, cikin kwandon shara, tsakanin maɓallan kwamfuta. Dakta ta kwance ɗankwalinta ta kakkaɓe a kan baƙar takarda. Malam Digiri ya taje gemunsa a kan wata. Har azahar babu labari.

Dole aka kai wa Farfesa rahoto, shugaban sashen. Mutum ne da bai taɓa na'ura ba shekara ashirin, amma ya san kowane fom da lambarsa. Ya saurare su yana juya cokali a kofin shayi, sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda.

"Duk abin da ya bar ɗakin gwaji, gida uku ne a nan. An sace, ya fashe, ko an yi amfani da shi ya ƙare. Wanne zan cika?"

"Babu ko ɗaya, ranka ya daɗe," in ji Dakta. "Tsalle ta yi."

"Da kanta?"

"Da kanta."

"Kin gani da idonki?"

"Ni layi nake kallo. Malam ne ya gani."

Farfesa ya juyo ya dubi Malam Digiri ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa. Malam Digiri ya gane an fara zarginsa.

Sakatariyar da ta buga rahoton ba ta gamsu da kalmar kiristal ba. Ta ga ba ta da kyan gani a takardar ofis, sai ta sa lu'ulu'u. Kafin la'asar duk ma'aikata sun ji cewa lu'ulu'u ya ɓace a hawa na biyu. Kafin a tashi aiki ya kai girman ƙwan kaza.

Washegari shugaban masu gadi ya hau sama. Tsohon ɗan sanda ne, kowa Kofur yake ce masa, kuma tun da ya kama aikin nan babban abin da ya taɓa bincika shi ne wanda ke ajiye mota a gurbin Farfesa. Ya zo da sabon littafi da biro biyu.

"Malam, ba zarginka nake ba, aiki ne. Kamanninta."

"Ba ta da launi."

"Tsawo?"

"Milimita huɗu."

"Tana da wata alama? Tabo, ko wani abu da za a gane ta da shi?"

"Kanta ɗaya tarawa ne, ɗayan ɗebewa. Amma a lokacin da ta tafi ta riga ta bar wannan halin."

Kofur ya rubuta: ta sauya kamanni kafin ta gudu. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

"Ta taɓa yunƙurin fita kafin wannan?"

"Ba a taɓa dumama ta ba sai jiya."

"Wa ya dumama ta?"

"Ni."

"Wato kai ka tunzura ta."

Malam Digiri ya ce, "Kofur, shekara talatin da ɗaya kana ganina ina fita ta ƙofarka, ko kuma wanda ya riga ka yana ganina. Wallahi ban fita da ita daga ginin nan ba."

Kofur ya rubuta wannan ma, ya sa shi ya sa hannu. Sannan ya fitar da su duka, ya kashe fanka, ya rufe taga, ya danna wa ƙofar kwaɗo, ya manna takarda cewa kar a shiga, kar a share, kar a ƙwanƙwasa sai kwamiti ya zauna. Dakta ta roƙe shi ya bari ta ɗauko kofunanta, sababbi guda talatin da ta jiƙa a satin. Ya ce duk abin da ke ɗakin shaida ne, kuma wataƙila da haɗin bakinsu.

A bakin get aka fara caje. Ba wanda ya san abin da ake nema, masu gadin ma ba su sani ba, don haka duk abin da ke sheƙi suna karɓa. A kwana uku sun tara maɓallin riga tara, ɗan kunne ɗaya, da gishirin da mai dafa wa ma'aikata abinci ta ƙulla a leda.

Malam Digiri ya daina cin abinci sosai. A barandar da ya saba bi, mutane suka koma gaishe shi da wani irin ladabi da bai saba da shi ba. Wani direba ya ja shi gefe ya ce in yana neman mai saye, ya san wani amintacce. A gida matarsa ta lura. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan tambaya, ta yi shekaru tana ɗinki kafin idonta ya gaji. Ya ba ta labari duka. Ta ce, "Abu in dai bai kai shinkafa ba, Malam, ai ko a gabanka yake ba ka gani. Ci abincinka."

Ran Asabar da safe yana zaune a falo da rediyo, ita tana guga a ɗaki, sai ya ji ta ce, "Malam, wurin aikin nan naku akwai kyanwa ne?"

"Babu. Me ya faru?"

"Ƙuma ka kwaso a wando."

Ya taso da sauri har ya ture rediyon. Ta warware naɗin ƙafar wandon da ya sa ran Talata, ta shimfiɗa shi a kan tebur. Ta nuna masa farcen babban yatsanta. A kai akwai ɗan farin gari yana ƙyalli.

"Na kashe ta," in ji ta. "Wata irin ƙuma ce fara, ba jini. Da ƙyar na kama ta."

Malam Digiri ya zauna a bakin gado. Abin da ke damunsa ba mutuwar ƙwayar ba ce. Ya rantse wa Kofur bai fita da ita ba, ya sa hannu, alhali ta bi shi ta get, ta hau bas da shi, ta kwana huɗu a wandon yana rataye, ba a wanke shi ba.

"Kar ki wanke hannun," ya ce. Ya kawo farar takarda ya kankare garin a hankali, ya ninke, ya sa a ambulan.

"Kai za ka kai musu? Wa ya sani in ba mu ba?"

"Ni na sani."

Ta dube shi, ta dubi farcenta. "To in ka je ka ce ni na kashe. Kar ka ɗauki laifin da ba naka ba, na san halinka."

Ran Litinin ya ajiye ambulan a teburin Kofur ya faɗi yadda aka yi. Kofur ya buɗe, ya leƙa, ya rufe da girmamawa. Ya rasa ko murna zai yi. Ɓarawo ba ya dawo da kaya da kansa, kuma wanda aka ɓuya a wandonsa ba da saninsa ba, a iya sanin Kofur, ba mai laifi ba ne, abin hawa ne. A ƙarshe ya rubuta cewa wadda ake nema ta rasu a hannun farar hula yayin da take gudun hijira, kuma za a buƙaci farar hular ta bayyana gaban kwamiti.

Kwamitin ya zauna ran Alhamis, kwana takwas da rufe ɗakin. Farfesa ne shugaba, ga Kofur da littafinsa, ga Dakta, ga wasu mutum biyu daga wani sashe da aka gayyato don a cika kujeru. Matar Malam Digiri ta zo da mayafinta na unguwa, ta zauna ta ɗora jaka a cinya, ba alamar tsoro.

"Baba," in ji Farfesa, "ki faɗa mana abin da kika gani."

"Ranka ya daɗe, na warware ƙafar wando, na jona dutsen guga. Bai ma yi zafi sosai ba, na kawo shi kusa ke nan sai na ga abu ya yi tsalle ya faɗa kan zanen tebur. Na ce ƙuma. Na ajiye dutsen a gefe ina nemanta. Na gan ta, na tsaya ina lallaɓawa, ina lallaɓawa, sai ta sake tashi."

Dakta ta miƙe zaune. "Ta sake? Dutsen yana kusa?"

"A'a, 'yata, na ce miki na ajiye shi can gefe. Fanka ma na kaɗawa."

"Kamar minti nawa tsakani?"

"Ban duba agogo ba. Kamar dai a zuba shayi a jira ya sha iska."

Dakta ta jawo takardar da ke gaban ɗaya daga cikin baƙin ta fara rubutu a bayanta. "Wato in tana hucewa ma tana yi. Tana komawa tsarinta na farko, ta sake shuri. Mama, kin ba ni rabin aikina."

"Ni dai a na uku ban bari ta tashi ba," in ji matar.

Farfesa ya yi gyaran murya. Ya ce shaidar matar wanda ake tuhuma ba ta isa ba, kuma shi a iya karatunsa gishiri ba ya tsalle, sukari ba ya tsalle. Sai an maimaita a gaban kwamiti. Dakta ta ce da me za a maimaita, ƙwaya ɗaya ce kuma ga ta a ambulan. Farfesa ya ce wannan matsalar masu bincike ce. Duk da haka aka amince a je a duba wurin da abin ya faru.

Kofur ya buɗe kwaɗon. Ɗakin ya yi wari irin na rufaffen wuri, ƙura ta kwanta a kan tebura. Dakta ta wuce kai tsaye zuwa kantar kofuna, ta ɗaga na farko ta kai shi hasken taga. Ta ɗaga na biyu. Ta ɗaga na uku.

"Malam, zo ka gani."

Kowane kofi gindinsa cike da ƙwayoyi, dogaye, garai-garai, wasu sun fi ta farko. Wata bakwai ana buga ƙofa, ana jan kujera, fanka na girgiza kanta, ana share ƙasa safe da yamma, shi ya hana su kama jiki. Kwana takwas na kwaɗon Kofur ya ba su abin da suke so.

"Sun hayayyafa," in ji Kofur a hankali, ya ja baya taku ɗaya.

Malam Digiri ya zaɓo guda ashirin ya jera a kan farantin. Wannan karon ya kifa musu kofin gilashi. Kwamiti ya kewaye tebur. Ya kunna wutar farantin ya fara kiran lamba.

"Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu. Arba'in da uku."

Tis. Tis, tis, sai kuma gaba ɗaya, suna bugun gilashin ta ciki kamar an watsa tsakuwa a taga. Ɗaya daga cikin baƙin ya yi salati. Cikin daƙiƙa biyar komai ya lafa. Malam Digiri ya kashe wutar farantin. Bai dubi kowa ba, ya ciro hankici ya goge fuskarsa, ya daɗe yana gogewa.

Farfesa ya sunkuya ya leƙa. Ya jira kaɗan ya ga ba motsi. "To, sun natsu," ya ce, ya kai hannu ga kofin.

"Ranka ya daɗe, da ka bari tukuna," in ji matar Malam Digiri daga bakin ƙofa.

"Baba, an kashe wutar." Ya ɗaga kofin ya kai fuskarsa kusa.

"Talatin da tara," in ji Malam Digiri, don bakinsa ya saba. "Talatin da takwas."

A nan suka tashi. Biyu suka shige gashin Farfesa, ɗaya ta faɗa aljihun rigarsa, ɗaya ta bugi tabaransa. Sauran suka bazu cikin ɗakin. Kofur ya yi tsalle ya tare ƙofa da hannuwa biyu ya ce ba mai fita. Dakta kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba, tana rubuta talatin da takwas tana zagaye shi da biro.

Awa biyu kwamiti ya yi a durƙushe. An samu goma sha bakwai. Matar Malam Digiri ce ta samo goma sha ɗaya daga ciki, duk da idon da ta ce ya gaji, kuma ita ta tsince na kan Farfesa, yana zaune a kujera ya sunkuyar da kai kamar yaron da ake wa aski. Uku ba a gan su ba har yau.

Rahoton kwamiti ya fito bayan sati biyu. An wanke Malam Digiri tas, har da sakin layi guda na yabo, wanda ya sa aka yi masa kwafi ya kai gida. An ƙara gida na huɗu a fom: ya tafi da kansa. Sai dai sakin layi na ƙarshe ya ce tun da an tabbatar abubuwan nan suna motsi ba tare da an tura su ba, kuma suna ƙaruwa in an bar su a rufe, to daga yau sun shiga ƙarƙashin dokar kula da dabbobin gwaji. Dakta ta rubuta takardar ƙorafi shafi huɗu. Aka amsa mata cewa za a duba.

Farkon wata likitar dabbobi ta zo zagayenta. Ta gama da ɓerayen hawa na ɗaya ta hau sama, matashiya ce mai fara'a, da allon rubutu a hannu. Malam Digiri ya nuna mata kofunan. Ta leƙa ta daɗe.

"Baba, suna cin abinci?"

"Ba sa ci."

"Ruwa fa?"

"In ruwa ya taɓa su narkewa suke."

Ta rubuta. "Zafin jikinsu?"

"Na ɗaki ne. Yanzu ashirin da bakwai."

"Ya yi ƙasa," in ji ta, tana girgiza kai. "A riƙa ɗan dumama su."

"Muna yi, kullum da hantsi."

"Suna motsa jiki?"

"Sau biyu. In sun ji zafi, da in sun huce."

"To ba laifi." Ta sa hannu ta yage masa kwafinsa. "Wata mai zuwa zan zo da allurar rigakafi. A ware mini maza dabam, mata dabam."

Malam Digiri ya raka ta har bakin matakala. Da ya dawo ya tarar da Dakta ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Ya tsaya yana duban kofunan, sannan ya ɗauko hantsaki da faranti biyu.

"Dakta, dogayen ne mazan, ko gajerun?"